Zabuwa, Kyanwar da Ta Tsare Ni a Jidda

Matso kusa 'yar'uwa, ja bakin tabarmar nan ki zauna. Kai ma ɗan'uwa, idan kana jiyo mu daga zaure, ba laifi, saurara. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, kada ku dubi karkacewarsa.

Abin da ya tayar mini da maganar, shekaranjiya ne maƙwabciyata Sista Jummai, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, ta shigo tana dariya ta miƙo mini wayarta. Ta ce, "Azumi, kalli abin da masu kuɗi suka fara kiwo. Wai kyanwa ce, amma ubanta ɗan daji ne." Na karɓa na duba. Dogayen ƙafafu, kunnuwa a tsaye kamar ludayi biyu, jiki ɗigo-ɗigo. Ban san lokacin da na ajiye wayar na ja gefen mayafi na rufe fuskata ba. Sai a lokacin Sista ta tuna. Ta ce, "Wayyo Azumi, na sha'afa, yafe mini." Na ce ba komai, amma tunda an taɓo, bari in faɗe shi gaba ɗaya.

Ni ba mai yawo ba ce. A nan Gyaɗi-Gyaɗi aka kawo ni aure, kuma idan na je kasuwar Tarauni na dawo, sai in yini ina ba da labari kamar wadda ta je Legas. Maigidana ya rasu a shekarar da soja suka koma bariki, ana ta murnar farar hula a titi ni ina takaba. Da na fita, na kafa tanda a bakin hanyar asibitin koyarwa, ina soya waina ina sayar wa ma'aikatan jinya da ɗalibai. A nan na saba da Sista.

Haihuwa na yi ta, amma ɗaya ce ta tsaya, ita ce kuma 'yar fari. Kin dai san yadda aka tashe mu. Ana yaye ta Innata ta ɗauke ta, ta tashi tana ce wa Inna uwa, ni kuma tana ce mini Yaya. Ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake ce mata, a bayan idonta kuma "yarinyar nan". Da Inna ta rasu ta dawo ɗakina, gado ɗaya muke kwana, ita ke kaɗa mini ƙullu da asuba, amma ko a mafarki bakina bai taɓa furta sunan nan ba. Ba ƙiyayya ba ce, Allah ya sani. Kunya ce, kuma har gobe ban ce iyayenmu sun yi kuskure ba.

Da Sabo ya fito neman aurenta, wani yaro mai hankali daga Darmanawa da ke tuƙa babur mai ƙafa uku lokacin da aka fara kawo su, sai na duba ɗakina na ga babu abin da zan kai ta da shi. Tanda ba ta yin gado da katifa. A nan ne Hajiya Gambo, wata 'yar Kano-Jidda da ke sayen wainata, ta ce, "Ƙanwata, zo in kai ki Umra, ki zauna ki ɗan yi aiki. Kafin ki ankara kin haɗa mata ɗaki na gani na faɗa."

Ba zan ɓata miki lokaci da labarin jirgi ba.

Zangon farko ɗakin Hajiya Gambo ne a Jidda, a wani lungu da ake jin Hausa ta kowace taga. Mata ne jibge a ciki, daga Kano, daga Katsina, daga Damagaram, kowa ta yi matashi da jakarta. A ranar da muka gama Umra ta miƙo hannu ta ce in kawo fasfo ta adana mini. Daga ranar "ƙanwata" ta ƙare, na koma "ke mai waina". A can na koyi cewa takari ake kiran mu, kuma na koyi cewa albashin farko ba a hannun mai aiki yake sauka ba. Na yi kuka a banɗaki, na wanke fuska na fito.

Zango na biyu Makka ne, gidan wata tsohuwa makauniya. Wannan kam Allah ya jiƙanta. Takan lalubo hannuna ta saka mini dabino, ta ce in yi mata magana da yarenmu ko ba ta ji, wai muryata tana ɗebe mata kewa. A gidanta kunnena ya ɗauki Larabcin kicin, don ni idan na ji magana sau biyu ta zauna. Ina gidanta na aika da kuɗin gado da kwanuka, ina gidanta aka ɗaura auren yarinyar nan. Sista Jummai ta ɗaga waya sama na jiyo guɗa daga Gyaɗi-Gyaɗi. Na ce wa kaina ba komai, uwar 'yar fari dama ɓuya take yi ranar biki. Amma wankan jego, wannan nawa ne. Ranar da za ta dawo gida haihuwa, ni zan hura wutar, ni zan tsoma ganyen. Da wannan na riƙe zuciyata.

Tsohuwa ta rasu, aka mayar da ni wajen Hajiya Gambo. Ba a jima ba ta ce in shirya, ta samo mini babban gida a arewacin Jidda, wajen teku.

Falon gidan nan, 'yar'uwa, ya fi tsakar gidanmu faɗi. Matar gidan, wadda kowa ke ce wa Madam, tana zaune da 'yan'uwanta mata biyu suna shan gahawa, suna kallona daga sama har ƙasa. Tana tambaya Hajiya Gambo na fassarawa. Kina salla? Ina yi. Kina tsoron dabba? Na ce akuya da kaji dai mun saba.

Sai Hajiya ta ce, "Wai kina da 'ya'ya?"

Na sunkuyar da kai. "Haba Hajiya, ai kin sani."

"Ni na sani, ita ke tambaya."

Ga baƙi, ga idanu a kaina. Na ce a hankali, "Sai dai ta mutane."

Hajiya Gambo ta juya ta ce wa Madam da Larabci, "Ba ta da ko ɗaya." Na ji ta sarai, kunnena bai taɓa cin amanata ba. Ban gyara mata ba. Har wani sauƙi na ji, wai an ɗauke mini nauyin faɗa. Daga baya na gane masu gida sun fi son marar 'ya'ya, don ba ta cewa za ta tafi.

Madam ta kai ni wani ɗaki a bene, ta buɗe ƙofar kaɗan ta ja da baya. Na leƙa ban ga komai ba, sai na ji huci daga sama. Na ɗaga kai. Tana kwance a saman durowar kaya, ta zubo dogayen ƙafafu, ta kafe ni da ido. Na ce, "Innalillahi, damisa!" Madam ta yi dariya ta ce kyanwa ce, sunanta Amira, daga ƙasar Turawa aka kawo ta a jirgi. Har da fasfonta, mai hoto. Na ce a raina, ikon Allah, kyanwa da fasfo a gida, ni nawa yana jakar Hajiya Gambo.

Aikina ke nan. Masu aiki biyu sun gudu kafin ni, ɗaya da ɗinki a hannu. Idan ta tsaya bayanta yana kai mini gwiwa. Ba ta cin abin gwangwani, sai ɗanyen kaza da ƙashinsa, tana ƙwarƙwasa shi kamar ƙuli-ƙuli. Daga zaune take tsalle ta taɓa silin. Tana buɗe ƙofa da hannu, tana buɗe famfo ta shiga ruwa tana wasa, abin da ban taɓa gani ba a wajen mage. Idan ranta ya ɓaci ta juya wa labule baya ta fesa masa fitsari, warin kuwa sai ya fi ƙarfin turaren gidan duka. Kukanta ma ba irin na magenmu ba ne, wani ɗan tsiwa-tsiwa take yi kamar tsuntsu. Yawancin yini kuma zirga-zirga take daga bango zuwa taga, daga taga zuwa bango, har ta yi hanya a kan kafet.

Ban yi mata wata dabara ba. Surutu ne kawai, wanda Allah ya ɗora mini. Babu mai jin Hausa a gidan. Mai girki Siti 'yar Indonesiya ce, direba kuma wani dattijo ne Basudane, Baba Usman. To da wa zan yi hira? Sai in ajiye mata nama, in zauna a ƙasa in ba ta baya, ina ninke kaya ina zuba.

"Ke Zabuwa," haka na laƙaba mata saboda ɗigon jikinta, "yanzu a Gyaɗi-Gyaɗi an fito daga asuba, mai koko ta kafa bokiti. Da ina nan da na zuba mai a tanda. Kin san waina da miyar taushe? Ina fa za ki sani, kina cin abu ɗanye kamar marar gata."

Tun tana huci har ta daina. Tun tana saman durowa har ta sauko. Wata rana ina cikin ba ta labarin rigimar masu babur a mahaɗar Tarauni, sai na ji an tunkuri bayana da ƙarfi. Kanta ne. Ta goga goshi a kafaɗata, ta zagayo ta kwanta a kan zanen da nake ninkewa. Na ce, "Af, yau kuma gaisuwa aka zo?"

Baba Usman ne ya gaya mini asalinta, ranar da muka kai ta wajen likitan dabbobi. Ya ce, "Uwarta magen gida ce. Amma uban, daga ƙasashenmu aka kamo shi, ko wajenku ko wajenmu. A fadama suke zama cikin dogayen ciyayi, suna kama ɓeraye da tsuntsaye. Da kunnuwan nan suke jin motsin ɓera a ƙarƙashin ƙasa." Na waiwaya na dube ta a cikin keji, kunnuwan suna ta juyawa, babu abin ji sai ƙarar motoci. Na ce, "Ashe ke ma takari ce."

Kada ki ɗauka Madam muguwa ce. 'Ya'yanta duk suna karatu a waje, mijinta kullum yana tafiya, gidan shiru kamar an share. Tana son kyanwar nan da gaske. Ta saya mata abin wuya na zinariya, ranar da ƙawayenta suka zo sai a sa mata igiya in jawo ta falo a yi ta ɗaukar hoto. Amma da ta miƙa hannu sai huci, ga tabon farce a damtsenta. Sau da yawa ina ɗaga kai in gan ta a bakin ƙofa tana kallon yadda Zabuwa ke kwance a cinyata ina sosa mata bayan kunne. Sai ta ja ƙofar a hankali. Irin waɗannan kyanwoyin mutum ɗaya suke zaɓa, kuma ba dole ne ya zama wanda ya biya kuɗin ba.

Duk Juma'a Baba Usman yakan ara mini wayarsa in kira Sista Jummai. Wata Juma'a ta ɗauka tana dariya. "Azumi, sai a fara tara itace."

Na gane, amma na ce, "Itacen me kuma?"

"Ji ta da Allah! Ga ta nan ta zo awo, karɓi."

Na ji numfashinta kafin muryarta. "Yaya, ina yini."

"Lafiya. Ya mutanen gidan?"

"Suna lafiya." Sai ta rage murya. "Yaya, ke za ki yi mini wankan ko? Gwaggon Sabo ta ce ita za ta yi, ni kuwa an ce hannunta zafi ne da shi."

"Ke, ba ki da kunya? Ba Sista wayar."

Tana dariya ta miƙa. Ni kuwa na hau bene da gudu kamar yarinya, na rungume Zabuwa har ta yi mini huci. Na ce, "Za mu yi jika! Kin ji? Gida za ni." Na ba Baba Usman saƙo ya sayo mini tawul masu laushi, da 'yan riguna, da turaren wuta. Na ce bari cikin ya ɗan tsufa sannan in nemi sallama.

A wannan tsakanin ne Madam ta sa aka kawo wani namiji daga wani gida aka haɗa su. Zabuwa ta ɗauki ciki. Tun kafin a ga 'ya'yan an raba su, wannan na ƙanwar Madam, wancan na matar wani babban mutum. Likita ya zo ya duba ta, ya ce irinsu haihuwa tana ba su wuya, kuma idan hankalinsu ya tashi suna iya watsar da 'ya'yan ko su kashe su. Ya nuna ni ya ce, "Wannan kada ta yi nisa da ita."

Da cikin yarinyar nan ya shiga wata na bakwai, na sami Madam a falo. 'Yan'uwan nan nata biyu suna nan, Siti na zuba gahawa. Na durƙusa na haɗa Larabcina na ce ina so in koma gida, 'yata za ta haihu.

Ta ajiye kofi. "'Yarki? Ke da ba ki da 'ya'ya?"

Na ce ina da ɗaya.

Ta ɗauki waya ta kira Hajiya Gambo, ta buɗe murya kowa na ji. Hajiya ta ce, "Ƙarya take yi Madam, duk haka suke cewa idan sun ƙoshi. A gabanki ta ce ba ta da kowa." Sannan ta juya Hausa ta ce, "Ke mai waina, kada ki ɓata mini suna a gidan mutane."

Na ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah. Hannun yarinyar nan kika sha karɓar waina."

Ta kashe wayar.

Madam ta daɗe tana kallona. Ina jin ta so ta yarda. Ta ce, "To, idan 'yarki ce, ya sunanta?"

'Yar'uwa, sunan yana nan a bakina, ina jin nauyinsa a kan harshena. Ni na ji shi ranar suna daga bayan labule. Shekara ashirin ina jin ana kiran sa a tsakar gida. Na buɗe baki. Ga manyan mata uku sun zuba mini ido. Sai na ji kamar Inna na tsaye a bayana. Harshen ya ƙi. Wallahi ba ni na hana shi ba, ƙi ya yi, kamar a ce ki tuɓe zane a kasuwa.

Na ce, "Ba a faɗa."

Ƙanwar Madam ta tuntsire da dariya. "Kin gani? Tana neman sunan da za ta ƙirƙira. Akwai uwar da ba ta san sunan 'yarta ba?"

Na yi ƙoƙarin in bayyana, amma Larabcin kicin bai kai nan ba. Na san sunan tukunya da albasa, ban san yadda ake cewa kunya irin tamu ba. Madam ta ce, ba da faɗa ba, "Idan Amira ta haihu ta yaye, zan sa a karɓo miki fasfo, ni zan biya jirgi. Kafin nan kada ki ƙara tayar da maganar."

Na koma bene na zauna a ƙasa. Zabuwa ta zo ta ɗora mini kai. Na kira sunanta ya fi a ƙirga a wannan yammacin, Zabuwa, Zabuwa, sunan da ni na raɗa mata, yana fita a bakina kamar ruwa.

Na zauna. Na ce wata biyu da 'yan kwanaki ne cikin mage, zan iya riskar haihuwa. Ta haifi uku a kan tsohon zanena, ɗaya bai zo da rai ba. Ba ta yarda kowa ya shiga ɗakin ba sai ni. Ni na gyara wurin, ni na kawo mata nama har bakinta, ni na goge ta da tsumma mai ɗumi. Na ce, "Kin ga ikon Allah, jegon da na tanada ke kika fara ci." Ta zama uwa ta gaske, tana lashe su, tana ɗauke su da baki ta ɓoye a bayan durowa.

Na koma wa Madam na ce ta haihu. Ta ce saura yaye.

Yayen kuwa ba irin wanda na sani ba ne. Idanunsu na buɗewa likita ya ce a raba su da ita a riƙa ba su madara a bulumboti, don idan suka daɗe a jikinta halin daji za su ɗauka, ba za su saba da mutane ba. Wa zai iya ɗauko su? Ni. Na yaudare ta da kaza a banɗaki, na kwashe su a cikin kwando na sauka da su ƙasa. Wa zai ba su madarar har su yi ƙwari? Ni ce dai. Madam ta ce wata biyu ko uku kawai.

Ranar ban ji tsiwa-tsiwar tsuntsu ba. Wani kuka ta yi mai kauri, daga ciki, wanda ban san tana da shi ba. Ta birkice ɗakin, ta yage katifa, ta koma ƙofa tana kartar ta. Da na shiga washegari na ga jini a jikin ƙofar, faratanta biyu sun fita. Ta zo ta shinshina hannuna, ta ji warinsu. Ba ta cije ni ba. Da ma ta cije ni. Kallona kawai ta yi, ta koma ƙofa ta ci gaba.

Na tsaya ina kallon ta. Dabba ke nan, an rufe mata ƙofa tana neman fasa ta da farce. Ni kuwa ƙofata a buɗe take, ina zaune ina jiran a ba ni izini.

Juma'ar da ta biyo, da rana tsaka, Madam na barci, na koya wa Siti yadda ake riƙe bulumbotin. Ta gane ba sai na faɗa ba. Ta ɗaure mini burodi da cuku a leda, ta ciro baƙar abayarta ta ba ni, ta riƙe fuskata da hannu biyu tana hawaye. Na hau bene na cire ɗankwalina na ajiye wa Zabuwa a inda take kwanciya. Na ce, "Ki yafe mini, ni ma tawa na jira." Ba ta waiwayo ba, tana fuskantar ƙofa.

Baba Usman ya sa ni a bayan mota kamar za mu cefane. Ya sauke ni kusa da wata gada inda marasa takarda ke taruwa su jira a kwashe su a mayar da su ƙasarsu. Ya ce, "Ban gan ki ba, ba ki gan ni ba. Allah ya sauke ta lafiya." Shi da Siti kaɗai ne a gidan ba su taɓa tambayata hujja ba.

Ƙarƙashin gadar nan shi ne zango na huɗu. Zafi daga sama, zafi daga kwalta, motoci na wucewa a kanmu. Mutane kala-kala, kowa da ƙunshinsa. Wata Hajara daga Maraɗi ta matsa mini a kwalinta, ta ce, "Zauna nan baiwar Allah, inuwar ta fi daɗewa a wannan gefen." Na zaci yini ɗaya ne. Kullum motar kwasar mutane ta zo ta cika ta bar mu. Na rungume jakar tawul ina lissafin watanni a yatsa, in sake lissafawa ko zai canza.

Daga nan aka kai mu gidan jira. Ba wanda ya dake ni, ba wanda ya zage ni, ana ba mu abinci. Jira ne kawai, sai an yi wa marar fasfo takarda, sai jirgin ƙasarku ya samu. Wata mata tana da waya, Hajara ta roƙa mini ita. Sista Jummai ta ɗauka da ihu. "Azumi kina ina? An sauka! Mace ce!"

Aka kai wa mai jegon wayar. Muryar ta yi siriri. "Yaya."

"Sannu. Sannu kin ji."

"Tana da irin kunnenki, Yaya. Kina ina?"

"Ina hanya."

"To ki yi sauri. Sabo ya tara itace har bakin rijiya. Na ce kada a taɓa na wajen ɗakinki, naki ne."

Mata sun kewaye ni suna jiran labari, mai waya ta miƙo hannu don kuɗin na ƙarewa. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ke, ki riƙa cin abinci."

Ta yi 'yar dariya ta ce, "To Yaya."

Da jirginmu ya sauka Kano, na ɗauki mota muka biyo ta Zoo Road. Ina ta nuna wa direba sababbin shaguna kamar shi ne baƙon. Da muka karyo layinmu na hango tabarmi a ƙofar gida, da butoci a jere, da maza zaune. Na ce a raina suna ai ya wuce, taron me ake yi? Sai na ga Sabo ya miƙe. Ya dube ni, ya dubi jakar da ke hannuna, ya juya ya kifa kansa a bango.

Sista Jummai ce ta tare ni a zaure ta riƙe ni. Ta ce jini ne ya ɓalle mata ana gobe suna, an kai ta asibiti, an yi iya yi, kwana ya ƙare. Ban yi ihu ba. Na wuce tsakar gida na dubi gefen ɗakina. Babu itacen, sai ɓawo da toka. Da shi aka dafa abincin sadakar uku.

Aka miƙo mini jaririyar a cikin wani tsohon zane. Na buɗe jaka na ciro tawul ɗin Jidda na naɗe ta. Na tambayi sunan da aka sa mata. Matan suka dubi juna, gwaggon Sabo ta ce, "Sunan uwar aka mayar. Amma Ummi za a riƙa ce mata, saboda ke."

Na ce, "Ku ku ce Ummi."

A hannuna ta tashi, yanzu har ta yi aure a Tarauni. Tun tana rarrafe nake tsayawa a tsakar gida in ɗaga murya yadda za a ji har bakin titi, in ce Hindatu! Tsofaffin layinmu sun yi ta magana, wai Azumi ta baro kunyarta a Jidda. Na ci gaba da kirana. Hindatu zo ki ci abinci, Hindatu ina takalminki, Hindatu ba komai, kira kawai na yi.

Zabuwa kuwa, bayan shekaru wata da ta dawo daga can ta ce ta haɗu da Baba Usman. Ya ce bayan tafiyata ta ƙi cin abinci daga hannun kowa, ta ji wa Madam ciwo a fuska, aka kai ta wata gona a bayan gari aka sa ta a keji. Bai san ƙarshenta ba. Ya ce da aka zo ɗaukar ta, ɗankwalina na ƙarƙashin cikinta, da shi aka tafi. Shi ya sa da Sista ta nuna mini hoton nan ban ga ado ba. Na ga hanyar da aka yi a kan kafet, daga bango zuwa taga.

Ban riƙe Madam a zuciya ba, tambaya ta yi irin ta mutanenta. Hajiya Gambo kuwa na bar ta da Allah. Abin da ke dawo mini kullum idan na hura wuta shi ne falon nan, da kofin gahawa a kan tebur, da matan nan uku suna jira.

To ke da aka tashe ki yadda aka tashe ni, gaya mini tsakani da Allah: da ke ce durƙushe a wurin, aka ce faɗi sunan 'yar farinki ki tafi gida, da bakinki ya buɗe?